Tambayoyin Masu Karatu: Kwanon Tangaran a Cikin Obin Mai Gas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga wani ƙauye da ke kusa da Ringim a Jihar Jigawa. A cikin kayan ɗakina akwai kwanonin tangaran masu kauri guda uku, waɗanda yayata ta sayo mini a kasuwar Sabon Gari ta Kano, aka ce mata na gashi ne. Ina yin kek da gireba na sayarwa lokacin biki da Sallah, kuma ina da obin da wani mai walda ya haɗa mini, mai aiki da tukunyar gas. Ranar da na fara gwada babban kwanon, na zuba kwaɓin kek na ajiye shi a ƙasan obin, ko minti 15 ba a yi ba sai na ji ƙara, da na buɗe na tarar ya rabe biyu, kwaɓin ya malale. Uwar mijina ta ce kaskonta na ƙasa ya fi shekara 20 yana hawa wuta bai fashe ba, saboda haka jabu aka sayar mana. Shin jabu ne, ko ni ce na yi kuskure? Sauran biyun tsoron taɓa su nake yi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da alheri, domin na san asarar ba ta tsaya a kan kwanon kaɗai ba, akwai fulawa da ƙwai da bota da suka tafi, ga kuma alƙawarin da kika ɗaukar wa masu biki. Daga bayanin da kika yi, wurin da kika ajiye kwanon shi ne ya fasa shi, kuma ko da na ainihi ne wanda ya fito daga masana'anta mafi inganci, abin da zai same shi ke nan a ƙasan obin mai gas.

Maganar Inna game da kaskonta gaskiya ce, sai dai kasko da tangaran, duk da cewa yumɓu ne asalinsu, halinsu ya sha bamban. Maginan tukwane na garuruwanmu suna cuɗa yumɓu da yashi ko dakakken tsingaro, su toya shi a fili da kara da ciyawa, zafin da bai cika wuce digiri 900 ba. Abin da ke fitowa jiki ne mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, su ne ke sa randa ta yi gumi ta sanyaya ruwa, kuma su ne ke ba kasko da tanda sararin miƙewa idan wuta ta lashe su ta gefe ɗaya. Tangaran na gashi kuwa ana toya shi ne a rufaffen ɗakin wuta da zafin digiri 1200 zuwa 1300, har yumɓun ya haɗe ya yi tauri kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Irin wannan aikin ne Michael Cardew, Baturen Ingila, ya koyar a cibiyar ginin tukwane da aka buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta shiga a 1954. Ita da ta taso tana ginin tukwane irin na gargajiya, a can ta riƙa fitar da na tangaran masu sheƙi. Saboda haka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Abin da aka toya a digiri 1200 ba ya jin tsoron digiri 180 da ake gasa kek da shi. Abin da ba ya jurewa shi ne wani sashe nasa ya yi zafi farat ɗaya alhali sauran jikinsa da sanyi. Duk abin da ya sha zafi yana ɗan buɗewa. Kwanon ƙarfe yana yaɗa zafi cikin jikinsa nan da nan, kuma idan ya matsu sai ya lanƙwasa. Tangaran yana jan zafi a hankali, kuma ba ya lanƙwasa, don haka idan gindinsa ya buɗe, gefensa da samansa suka ƙi binsa, babu abin da ya rage sai ya tsage. A obin mai gas wutar tana ci ne a ƙarƙashin farantin ƙarfen nan na ƙasa, wanda zafinsa ya zarce na iskar da ke cikin obin nesa ba kusa ba, musamman a irin na masu walda da ƙarfensa ba shi da kauri. Kin ɗora kwano a kan wannan ƙarfe, kwaɓi mai sanyi yana riƙe da cikinsa, wuta tana dukan gindinsa, bambancinsa da ɗora shi a kan murhu kai tsaye kaɗan ne.

Sauran biyun ki fara da duba su. Ki kife kowanne ki duba gindinsa, domin kamfanonin kirki suna buga hatimi ko rubutu da ke nuna ana iya sa shi a obin, wasu har da iyakar zafin da zai ɗauka, wanda yawanci yake tsakanin digiri 220 zuwa 260. Ki ɗiga ruwa a zoben gindin inda babu shafen sheƙi: idan ɗigon ya tsaya bai nutse ba, an toya shi sosai, idan kuwa wurin ya tsotse ruwan ya yi duhu, to mai rauni ne, ki bar shi don zuba abinci. Sannan ki ɗaga shi a tafin hannu ki ƙwanƙwasa da cokali. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai zaƙi kamar ƙararrawa, wanda ya tsage a ɓoye kuwa muryarsa a dishe take.

Idan sun ci wannan gwaji, wurin zamansu shi ne raga ta tsakiya, ba tare da sun jingina da bangon obin ba. Idan obin ɗinki ba shi da raga, ki koma wurin mai waldar ya sa miki hawa biyu, na ƙasa ki ɗora masa tiren ƙarfe wanda babu komai a ciki don ya tare zafin da ke tasowa, na sama kuma ya ɗauki kwanon. Ki bar sarari a gefen tiren, kuma kada ki toshe ramukan da ke farantin ƙasa da takardar gashi mai ƙyalli ko wani abu, domin ta nan iska ke zagayawa, toshe su kuma yana lalata cin wutar. Idan akwai wutar sama ta gasa nama, kada ki kunna ta da tangaran a ciki.

Obin na masu walda ba shi da na'urar da ke rage wuta da kanta idan zafi ya kai inda ake so, don haka idonki ne zai yi wannan aikin. Shawarata ita ce ki sayi ɗan ma'aunin zafi na obin, mai kama da agogo, wanda ake ratayawa a jikin raga, ana samunsa wurin masu sayar da kayan kek. Kafin ki same shi, ki barbaɗa fulawa a tire ki sa a raga ta tsakiya na minti 5: idan ta yi ruwan zuma, zafin ya yi daidai da kek, idan ta yi duhu ko ta fara ƙauri, wutar ta yi yawa. Ki kunna obin minti 15 zuwa 20 kafin gashi, ki rage wutar ta daidaita, sannan ki sa kwanon da abin gashin a cikinsa. Kada ki dumama shi babu komai a ciki sannan ki zuba masa kwaɓi, kuma abin da kika zuba ya rufe mafi yawan gindinsa, domin ɗan nama guda mai sanyi a tsakiyar faffaɗan kwano yana haifar da wannan bambancin zafin da muke gudu. Lokacin hunturu, kwanon da ya kwana a kicin yakan yi sanyi ƙalau da asuba, sai ki ɗauraye shi da ruwan ɗumi, ki goge shi ya bushe, kafin ki shafa mai. Abin da ya fito daga firij kuma a bar shi ya huce sanyinsa tukuna. Sannu ba ta hana zuwa, kuma za ki lura tangaran yana ƙara wa gashi minti 5 zuwa 10 a kan na kwanon ƙarfe, amma yana biyan ki da kek wanda gindinsa bai ƙone ba, tsakiyarsa kuma ta nuna.

Akwai haɗari na biyu da mata da yawa ba sa kawo shi a rai, shi ne lokacin fitarwa. Na taɓa zama a tsakar gidan wata ƙawata a wajen Bichi da yammacin wata rana ta sanyi, ta ciro kwanon dankali da nama daga obin, zafi ya ratsa tsumman ya kai ga yatsunta, sai ta dire shi a kan simintin da yara suka gama wanke-wanke a kai. Ƙas ɗaya muka ji, mara ƙarfi, kwanon yana nan zaune kamar babu abin da ya faru, sai ga romo yana bin wata siririyar tsaga yana taruwa a ƙasa. Tun daga ranar ba na buɗe obin sai na tanadi busasshen katako ko tawul mai kauri da aka ninka, kuma busasshe. Kada ki ajiye shi a kan siminti, ko tayil, ko ƙarfe mai sanyi, kada ki kama shi da jiƙaƙƙen tsumma, idan romo ya ƙafe ana cikin gashi ki ƙara da ruwan zafi, kuma ki bari ya huce sarai kafin ya ga ruwan wanki. Ki tuna yana riƙe zafi tsawon lokaci bayan ya bar obin, saboda haka ki nisanta shi daga inda yara ke kai hannu.

Gireba kuwa ki ci gaba da gasa ta a tiren ƙarfe, ya fi sauri kuma ya fi tattalin gas. Haka nan ranar da za ki yi gashi a tukunya mai yashi a kan murhu, ki yi da gwangwanin ƙarfe, domin yashin ƙasa yana ɗaukar zafi mai tsanani. Ki gwada kwanonin nan da ɗan kwaɓi na gida kafin ki karɓi aikin biki da su, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni magidanci ne daga yankin Gaya. Na saya wa maiɗakina obin na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai, muka haɗa shi da tukunya mai kilo 12.5. Wutarsa ja ce doguwa, tana baƙanta gindin kwanon tangaran, har ɗaya ya tsage. Saboda iskar hunturu tana rufe ƙofa da taga idan tana gashi, kuma takan yi kukan ciwon kai da jiri bayan ta gama. Ko kwanon ne ke fitar da wani abu?

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka lura da halin da iyalinka ke ciki har ka tambaya. Ina roƙonka da a daina kunna wannan obin daga yau har sai mai gyara ya duba shi, domin matsalar ta wuce ta kwano.

Gidaje da yawa a Ingila da sauran ƙasashen Turai gas ɗinsu ta bututu yake zuwa, kuma wani iri ne dabam da namu. Wanda muke cikawa a tukunya haɗin furofen ne da buten, kuma a ma'auni ɗaya ya ninka na bututu zafi fiye da sau biyu. Saboda haka 'yan ƙananan kawunan tagulla da gas ke fitowa ta hujinsu, waɗanda masu gyara ke kira nozul, na gas ɗin bututu hujinsu ya fi faɗi. Idan aka haɗa irin wannan obin da tukunya ba a canza su ba, gas yana kwarara fiye da iskar da za ta ƙone shi, sai wutar ta yi tsawo, ta yi ja ko rawaya, tana fitar da baƙin hayaƙi, tana lasar farantin ƙasa har zafinsa ya wuce kima. Wannan shi ya baƙanta kwanon, shi ya tsaga shi. Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce, gajera, mai tsayawa wuri ɗaya. Ƙurar hunturu da maiƙo da suka toshe ramukan murhu su ma suna jawo jar wuta, don haka mai gyaran ya canza nozul zuwa na gas ɗin tukunya, ya wanke ramukan, ya daidaita mashigar iska.

Ciwon kai da jirin nan su suka fi tayar mini da hankali. Wutar da ba ta ci da kyau tana fitar da iskar kabon monoksaid, irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta da garwashin gawayi, wadda muke jin labarin ta hallaka iyali a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, kuma alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Ko bayan an gyara obin, taga ta kasance a buɗe duk lokacin gashi, iska kuma a tare ta da wani abu daga nesa maimakon rufe ɗakin ruf. Kada a bar ƙofar obin a buɗe don jin ɗumi. Idan alamun suka sake bayyana, a kashe wuta, a fito fili, a tafi asibiti a gaya musu abin da ake zargi, ballantana idan tana da juna biyu ko tana goyo a kicin ɗin.

Tun da mai gyara zai zo, ya duba tiyo da kan tukunya da kumfar sabulu, inda kumfar ta riƙa tasowa nan ne yake yoyo. Tukunyar ta tsaya a tsaye, nesa da jikin obin, in da hali a waje cikin inuwa, kuma a duba shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta, domin shekara 15 ne wa'adin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ɗibar wa tukunyar gas. Wurin kunnawa a buɗe ƙofar obin, a ƙyasta ashana tukuna sannan a murɗa makunni. Idan bai kama ba, ko iska ta kashe wutar ana cikin gashi, a rufe gas, a bar ƙofar a buɗe kamar minti 5 kafin a sake gwadawa, domin wannan gas ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan obin da ƙasan ɗaki yana jiran tartsatsi. Idan makunnin na lambobi ne irin na Ingila, 4 tana daidai da digiri 180, 6 kuma 200, kuma da tangaran babu buƙatar wuce 7.

TAMBAYA: Anti, ni amarya ce daga wajen Kazaure. A cikin jerena akwai faranta da kwanonin tangaran masu zanen furanni ja da ruwan lemo, bakinsu da ruwan zinare. Zan iya gasa kaza da tumatir a cikinsu?

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki bar waɗannan a jere su ƙawata ɗaki. Yawancinsu sirara ne da ba a yi su don obin ba, kuma akwai abin da ya fi fashewa muni. Wasu masana'antu suna amfani da dalma a shafen sheƙi da fentin ado, musamman wanda aka zana a saman sheƙin har ana jin tudunsa da yatsa, launuka masu haske irin ja da rawaya kuma wani lokaci suna ɗauke da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyom. Zafi da abinci mai tsami, irin tumatir da tsamiya da lemon tsami da zoɓo da nono, su ne ke jawo waɗannan abubuwa su shiga abinci. Mutanen Arewa mun san illar dalma tun abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke fita daga kwano bai kai wancan yawa ba, amma dalma taruwa take yi a jiki sannu a hankali tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi nata da aka san ba ya cutarwa. Ba a ganinta, ba a jin ɗanɗanonta, wanki ko tafasawa ba sa cire ta. Idan za ki sayi na gashi, ki zaɓi mai kauri, wanda cikinsa fari ne ko launi ɗaya babu zane, mai hatimin kamfani a gindi. Kafin nan, tiren silba ko na ƙarfe mara tsatsa zai gasa miki kazar lafiya lau.

TAMBAYA: Anti, kwanona ya yi 'yar siririyar tsaga daga baki zuwa tsakiya, maigida ya liƙe ta da gam mai ƙarfi. Zan iya mayar da shi obin? Daga wata uwargida a yankin Birnin Kudu.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki mayar da shi. Gam ɗin da ake sayarwa a shaguna yana sakin jiki tun kafin zafi ya kai na gashi, kuma ba a yi shi don ya haɗu da abinci ba. Tsagar da kike gani za ta ci gaba da tafiya duk lokacin da kwanon ya yi zafi ya huce, kuma sau da yawa takan ƙarasa ne a daidai lokacin da aka ɗaga shi cike da romo mai tafasa, nauyin yana kan hannu biyu, ƙafafu suna ƙasa. Maiƙo da ruwan wanki kuma suna maƙalewa a cikinta inda soso ba ya kaiwa. Ki wanke shi, ki shanya ya bushe, ki riƙa zuba dabino ko goro a ciki idan kin yi baƙi.